Ɓera Mai Lamba Tara

Yana cikin huda jelar ɓera mai lamba tara wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Bai ɗauka ba. Ya ɗiga jinin a na'ura. Suga daidai, kwana na shida ke nan.

Aikinsa a ɗakin binciken shi ne ciyar da ɓerayen da aka sa wa ciwon suga, da auna su. A bayan kowanne an manna 'yar filasta kamar farcen jariri. In suga ya hau ta saki insulin da kanta, in ya sauka ta daina. Babu allura.

Wayar ta sake ƙara. Yayarsa ce, daga asibiti.

"Auta, an ce in sugan Inna bai kwanta ba zuwa gobe, gyambon nan sai an yanke ƙafar."

Ya buɗe firiji, ya zari filasta ɗaya. Yana juyowa ya ga Dakta, shugabar binciken, tsaye a bakin ƙofa.

"Wa za ka manna wa?"

"Mahaifiyata."

Ba ta yi faɗa ba. "Kilo nawa take?"

"Sittin da biyu."

"Lamba tara fa?"

Shi ya auna shi da safe. Giram ashirin da biyar.

"Ko firijin ka kwashe duka, jikinta ba zai san an yi ba," in ji ta.

"Ta mutane fa, yaushe?"

"Shekara takwas. In an dace."

Ya mayar da ita inda ya ɗauko, ya rufe firijin a hankali.

Da yamma ya tarar da Inna a jingine, ƙafar hagu naɗe a kan matashi, Yaya na yi mata fifita.

"Ga likitan ɓeraye! Ya marasa lafiyan naka?"

"Sun samu sauƙi, Inna."

"Duka?"

"Duka."

"Madalla. Ka ce ina yi musu barka."

Ta yi dariya ita kaɗai. Can ta nuna ƙarƙashin gado da haɓa.

"In za ka tafi, ɗauki wancan ka kai gida. Yana tare wa masu shara hanya."

Ya durƙusa. Takalmanta ne, ta ware na hagu gefe guda. Ya ɗauka ya cusa a jaka, ya bar mata ɗayan.