Direban Motar da Ba a Saya Ba

Alhaji Mas'udu na Gusau mutum ne mai saurin ɗaukar magana, kuma wannan halin ne ya ja masa. Shekarar da aka yanke Zamfara daga Sakkwato, wani dillalin motoci ya raɗa masa a Kano cewa akwai manyan motoci da za su shigo da wani sabon inji, ba ya shan gas, ba ya hayaƙi, ga hawan tudu da kaya kamar wasa. Alhaji ko hoton injin bai nemi gani ba. Yana dawowa ya sayar da tsohuwar motarsa, wadda ta shekara da shekaru tana kwaso masa dawa da masara daga Nahuce da Karakkai, ya koma majalisar ƙofar gidansa yana koya wa mutane haƙuri. Duk wanda ya sayi mota a tsakanin nan, a bakin Alhaji gaggawa ce ta ci shi.

Direbansa Amos ne, mutumin kudancin Kaduna, wanda ya tashi a hannunsa tun yana yaron mota har Alhaji ya tsaya masa ya sami lasin. Ranar da aka zo tafiya da tsohuwar, Alhaji ya dafa kafaɗarsa a gaban jama'a ya ce, "Kak ka kama aikin kowa. Sabuwa na isowa, kai ad direbanta." A al'adar tasha kuwa, wanda ya tashi a hannun ubangida ba ya hawa motar wani sai an sallame shi, kuma babu mai motar kirki da zai ɗauke shi kafin nan.

Damina ta wuce, wata ta zo ta wuce. Sabuwar jiha ta cika da gine-gine, kowace akwalar mota tana jigilar siminti da yashi, injin Alhaji shiru. Yau a ce yana bakin ruwa a Legas, gobe a ce sai bayan Sallah. Hidimar gida ta yi ta gutsurar abin da aka sayar da tsohuwar, motoci suka yi ta tsada, har Alhaji ya gane ko irin wadda ya rabu da ita ta fi ƙarfinsa. Ya sani sarai. Amma sallamar Amos daidai take da shelanta wa Gusau haka, shi ya sa duk ranar da Amos ya zo gaisuwa sai Alhaji ya riga shi da cewa, "Saura ƙiris."

Wata rana bayan Azahar matarsa Hajiya Lantana ta ajiye masa abinci, ta ƙi tashi.

"Rut ta zo ɗazu, matar Amos," in ji ta. "Wani mai mota a Bungudu shina neman direba, Amos yaka so. Mai motar ya ce sai in ka sallame shi."

"To mi na hana mashi? Ɗaure shi niy yi?"

"Ka ɗaure shi mana, Alhaji. Ka san aikin da yaka yi yanzu? Dako, kasuwar Tsahe. Can yaka tahiya don kar mutanen Gusau su gane shi su ce ga direbanka."

Alhaji ya tsame hannu daga kwanon. Kunya ta rufe shi, irin wadda mutum ba ya iya kallon matarsa ma. Ashe duk tsawon lokacin nan da yake baza riga a majalisa, wani ne ke ɗaukar buhu a ka yana rufa masa asiri. Amma ku ji halin ɗan Adam: da wannan kunyar duka, sai da ya bar kasuwar Tsafe ta ci, ta sake ci, yana neman lafazin da zai yi sallamar ba tare da an ce ya kasa ba. Bai samu ba.

Da ya gaji da kansa ya hau motar haya ya tafi Tsafe. A layin masu hatsi ya sami Amos, ya rame, ƙura ta yi masa fari har gira. Amos na ganinsa ya sauke buhu ya durƙusa.

"Sannu da zuwa, Baba."

'Yan dako da masu awo suka matso. Wani daga cikinsu ya yi dariya ya ce, "Amos, wanga shi na ubangidan naka? To, ina sabuwar?"

"Tana hanya," in ji Amos, ko ɗagowa bai yi ba.

Da Alhaji ya yi shiru, da maganar ta wuce haka nan.

"Ba ta hanya," in ji Alhaji. "Babu mota, Amos. Ban iya sayenta, na daɗe da sanin haka nib bar ka zaune. Ga shaidu, na sallame ka. Tashi mu tahi Bungudu, ni da kaina za ni miƙa ka."

Amos ya miƙe a hankali, ya kakkaɓe gwiwarsa.

"Na gode, Baba. Allah ya saka da alheri. Sai dai ta Bungudu an ba wani, makon jiya. Mutumin ya yi haƙuri, ya jira iya jira."

Can bakin titi mai kaya ya ƙwala kira, a yi sauri mota za ta tashi. Amos ya waiga neman wanda zai aza masa, sauran 'yan dakon duk sun koma kan nasu. Ya kama kunnen buhun guda, ya dubi Alhaji.

"Yi haƙuri, Baba. Kama mini."

Alhaji Mas'udu ya naɗe hannun babbar rigarsa, ya sunkuya ya kama ɗaya ɓangaren, ya aza wa direbansa buhun a ka.