Karatun Lahadi a Agege

Bayan faɗan Ketu, inda aka far wa masu jin Hausa, dattawan ikilisiyar suka zauna a kan magana ɗaya: ranar Lahadi da Hausa za a yi sujada ko da Turanci. Majami'ar ƙarama ce, tana bayan layin dogo a Agege. Masu zuwa mutanen Kagoro ne da Zuru da Biliri, Hausa ce kawai ta haɗa su.

"Baba Sanda, wanda ya zo da adda ba ya tambayar sunan baftisma," in ji Balarabe, direban babbar mota. "Ya ji Hausa, shi ke nan."

Sanda ne mai karatu tun da fasto ya tafi gida jana'iza bai dawo ba. Aka bar masa hukunci.

Duk makon yana buɗe Littafi Mai Tsarki a shagonsa na gyaran rediyo. Ya karanta inda Bitrus ya tsaya a tsakar gida, aka gane shi ta bakinsa, ya yi musu. Ya sake karantawa. Bitrus Ubangijinsa ya musa, ba harshensa ba. To, wanda ya sauya harshe don yara su koma gida da rai, me ya musa? Ya roƙi Allah fahimta. Asabar ta wuce bai sami komai ba.

Ranar Lahadi ya hau bagade ya fara da Turanci. Matasa suka bi. Tsofaffi suka sunkuyar da kai.

Yana tsakiyar sura sai Mariamu ta miƙe. Tsohuwa ce mai sayar da kunu a bakin tasha, ba ta karatu. Abin da ta sani na Littafi duk a wannan bencin ta ji shi. Ta gyara mayafi ta ɗauki sandarta.

"Ina zuwa, Kaka?" Balarabe ya tambaya a hankali.

"Gida. Da na san Allah ya koma Turanci, da na dama kununa."

Wata yarinya ta yi dariya, uwarta ta mintsine ta.

Sanda ya dubi shafin. Ya ga tun Litinin tambayar kansa yake yi, ko shi mai laifi ne ko a'a. Bai taɓa tambayar wanda zai ji karatun ba.

"Balarabe, rufe tagogin."

"Baba, zafi zai kashe mu."

"Rufe. Iya, dawo ki zauna nan gaba."

Ya sauko daga bagade, ya sa aka matso da bencuna. Ya karɓi Littafin na Hausa daga hannun matarsa, ya koma farkon surar, murya ƙasa ƙasa. Gumi na ɗiga a kan takarda. A waje wata motar danfo ta tsaya, aka ji muryoyi. Balarabe ya tashi ya tsaya a bakin ƙofa.

"Ɗaga murya kaɗan, ɗana," in ji Mariamu. "Kunnen nan ya tsufa."

Ya ɗaga, kaɗan.