Duwatsun Bakin Kwamin Baba Fansho

Ƙwanƙwasar ce ta tsaya. Tela ta ɗauke ƙafa daga kan keken ɗinki, ta kasa kunne. Duk satin nan gudumar Baba Fansho ke ƙas-ƙas ta bayan katanga, har ta saba ɗinki da sautinta. Yanzu kuwa shiru, sai wani motsin ruwa da bai yi mata daɗi ba.

"Baba?" ta kira ta taga. Ba amsa. Ta miƙe zumbur.

Tsohon shi kaɗai ne a gidan tun rasuwar matarsa. Akwai kwamin iyo a bayan gidan, duwatsun bakinsa duk sun tsattsage, har ɗaya ya yanki jikarsa a tafin ƙafa. 'Yarsa ta rantse yarinyar ba ta ƙara zuwa sai an gyara. Magini ya faɗi kuɗin da ya sa Baba dariya har da tari, sai ya ce shi zai yi abinsa: ya ɓamɓare tsoffin duwatsun, ya kifa su, ya ɗora kan sabon siminti. Ruwan ma ya ƙi zubarwa, wai sake cikawa tsada. Taurin kai kam, Allah ya ba shi.

Tela ta faɗa gidan da gudu, ba ko takalmi. Ga shi a ɓangaren mai zurfi, ruwa iya haɓa, yatsun hannu ɗaya a kafe cikin ɗanyen siminti, inda dutsen da ya dafa ya zame ya tafi da shi. Ɗaya hannun na dafe da ƙirji.

Ita kuwa Tela, duk ruwan da ya wuce na bokiti ba ta shiri da shi. Ko kallonsa ta yi jiri take ji. Ta kurma ihu, amma hantsi ne, kowa ya tafi aiki. Ta miƙa masa sandar kwashe ganye, ya kasa riƙewa. Yatsunsa suka fara zamewa.

Wallahi ta ji tsoro. Haka ta durƙusa a bakin kwamin, ta dafa simintin, ta cafko wuyan rigarsa. Dutsen da ke ƙarƙashin gwiwarta ya motsa. Ta rintse ido.

"'Yata," ya ce da ƙyar, "kar ki taka nan, bai bushe ba."

"Baba, don girman Allah ka yi shiru!"

Da rarrafe ta ja shi, tana salati, ruwa na dukan fuskarta, har matakala. Nan mai shagon bakin layi ya shigo a guje, suka ɗago shi. Kansa na kan cinyarta, ya juya ido ya bi bakin kwamin da kallo.

"Saura dutse ɗaya," ya ce. "Ki ce wa 'yar tawa ta kawo yarinyar."

Ta laƙana masa kalmar shahada, ya amsa. Kafin mai shago ya tayar da mota, rai ya yi halinsa.

Da aka share makoki, 'yar tasa ta zo kwashe kaya, da yarinyar. Tela ta faɗa mata saƙon, matar ta toshe baki da mayafi ta shige ɗaki. Yarinyar kuwa ta tuɓe takalmi ta hau duwatsun. Sumul suke, ba abin da zai yanki ƙafa. Tela ta bi ta, ta damƙe bayan rigarta.

A gurbin dutsen da ya faɗa yarinyar ta tsaya. Simintin ya bushe da sawun yatsu, dogaye, sun ja zuwa ruwa.

"Anti, hannun wa ne?"

"Na Kaka ne."

Yarinyar ta tsuguna, ta sa 'yan yatsunta a ciki. Tela ba ta saki rigar ba.