Doka Ta Huɗu

An manne bangon littafin da salatif, kuma gindin kofin shayi ya bar da'ira a gefensa. Babbar rajista ce ta akawu goma sha ɗaya da suka kira kansu Majalisar Masu Hankali. Littafin yakan kwana biyu a Bompai, ya wuce Sharada, ya sauka Challawa. Kowa ya rubuta tambaya ko amsa da laƙabinsa, ya miƙa gaba.

Dokokin suna shafin farko. Ba a sa sunan gaskiya. Ba zagi. Ba a maimaita tambayar da aka riga aka amsa. Ta huɗu kuwa, duk wanda ya faɗi magana sai ya ambaci littafin da ya samo ta, har da shafi.

Ashafa lebura ne a wani kamfanin jima a Challawa, karatunsa ya tsaya a aji biyar na firamare. Garba akawu ne ke ba shi littafin ya kai wa direban motar ma'aikata, shi kuwa sai ya laɓe bayan tarin fatu ya karanta. Wata rana ya yi ta maza ya rubuta, ya sa hannu da Mai Kallo. Wata bakwai yana yi, in ya rasa shafin da zai ambata ya yi tambaya kawai. Lawal, shugaban majalisar, har ya taɓa rubuta masa, "Mai Kallo, tambayoyinka ne gishirin littafin nan." A duk Kano babu inda ake jiran maganar Ashafa sai cikin rajistar nan.

Sai wani ya tambayi dalilin da ruwan magudanar Challawa ke yin fari yau, gobe shuɗi. Akawun suka yi ta lalube. Ashafa ya kasa haƙuri, ya cika shafi biyu: ranar da ake zubar da ruwan cire gashi, ranar da ake sakin na maganin jima, da yadda kowanne ke cin hannu.

Lawal ya rubuta, "Madalla. Wane littafi, wane shafi?"

Ashafa ya amsa da gaskiyarsa: "Ba littafi. Shekara tara nake cikin ramin jima."

Da littafin ya zagayo, sai ga gayyatar Mai Kallo zuwa zaman Lahadi a kantin cin abinci na wata masaƙa a Bompai. Ashafa ya wanke farar rigarsa, ya goge farcensa da toka har ya yi jini, shuɗin maganin jima bai fita ba.

"Kai!" in ji Garba da ya gan shi. "Ashe ɗan aikena ne!"

Lawal ya tashi, ya ja masa kujera. "Bismillah, Farfesa. Ko a kawo maka rami ka fi sakewa?"

Aka bushe da dariya. Indo, mai buga tafireta a Sharada, ta sa gefen gyale a hanci.

"Jama'a, ba zagi," in ji Lawal. "Doka ta biyu. Farfesa, karanta mana ta huɗu."

Ashafa ya karanta, yana bin layin da yatsa.

"Ka kawo littafi?"

"Ranka ya daɗe, amsar ai daidai ce."

"Wa ya ce ba daidai ba ce? Ɗayanmu, Sule, ya duba a laburare, haka take. Ya ma sake rubuta ta da lambar shafi, yanzu tasa ce. Mu nan ba ma karɓar na gani da idona. In mun buɗe wannan ƙofa, gobe mai gadi ma zai zo da nasa."

Ya miƙa masa reza. "Wanda ya karya doka shi yake cire shafinsa. A hankali, kar ka taɓa na mutane."

Ashafa ya yanke. Shafi tara ne, duk abin da ya taɓa rubutawa. Suna kallo, Garba yana ƙirgawa da ƙarfi. A bayan na ƙarshe akwai yabon nan na Lawal, na gishirin littafi. Lawal ya karɓa, ya karanta, ya soke shi da jan biro, sannan ya mayar masa.

"Tunda Challawa ka nufa," in ji Garba, "jira mu gama ka tafi da littafin. Ka riƙe shi a leda."

Suka juya ga muhawarar ranar, kan haƙƙin ma'aikata. Muryar Lawal ta cika kantin. Ashafa ya naɗe shafukansa, ya sa a aljihu, ya mayar da kujerar inda aka jawo ta. Ya bi ta ƙofar baya, wadda leburori ke bi.