Ƙwaron da Aka Soke da Allura

Zuera ta dawo unguwarsu Maamobi daga daji da zazzaɓi a jikinta, da kuma wani labari da ba ta gajiya da maimaitawa. Ilimin ƙwari take karantawa a jami'a. A can dajin yamma, ƙarƙashin wani ruɓaɓɓen kututture, ta tsinci ƙwaro dangin buzuzu wanda babu shi a littafi ko ɗaya. Guda ɗaya tak ta samu. Malaminta ya ga hoton a waya, ya ce hoto ba zai wadatar ba. Sai an kawo ƙwaron kansa, an duba ƙafafunsa da bakinsa ta madubin ƙara girma, an gwada shi da 'yan'uwansa, sannan a tabbatar sabo ne, a raɗa masa suna. Karatunta na gaba duk a kan wannan ya rataya.

Mahaifinta, Awudu tela, ya saurari labarin yana taka keken ɗinki, ya ce Allah ya sa albarka. Shi abin da ke gabansa wuyan 'yarsa ne da ya koma kamar tsinke.

Kafin ranar komawa makaranta zazzaɓin ya kwantar da ita a asibiti. An sa mata ruwa, an yi allura, jikin ya ƙi sauka. Cikin sambatu ba abin da take kira sai akwati.

Da Awudu ya je gida ɗauko mata zane, ya same shi a ƙasan jakarta: ɗan akwatin katako mai murfin gilashi, yana warin kafur. Ƙwaron na ciki, kore shar, yana sheƙi kamar sabuwar shadda. An soke shi a gadon baya. Awudu ya san allura, amma bai taɓa ganin irin wannan ba, baƙa, doguwa, ba ta da kafar zare. A ƙasan ƙwaron an soke wata 'yar takarda.

Yayarsa Ƙaltume, mai sayar da koko a bakin layi, ta leƙo ɗakin. Tana gani ta ja da baya tana salati.

"Yaya, ƙwaron makarantarta ne," in ji shi.

"Wace makaranta ce ake soke halitta a baya a ɓoye cikin kayan yarinya? Karanta min takardar."

Ya kara ta kusa da ido, ya haɗa baƙaƙen a hankali. Sunan daji ne, da kwanan wata, da Zuera Awudu.

"Rubutun hannunta ne?"

"Bugun inji ne."

"To, ka ji! Awudu, keken nan ƙafarka kawai yake ci, ko har da ƙwaƙwalwa? Ajinsu kaf suka shiga daji, ita kaɗai ta fito da abu. Tafi kake tsammani suka yi mata? An cire nata ƙwaron, an sa mata wannan na sammu."

Bai yarda ba, bai kuma iya ƙaryatawa ba. Ya hau trotro, motar haya, ya koma asibiti don ya tambaye ta. Ya kira sunanta, ta buɗe ido ta dube shi kamar baƙo. Tafin hannunta zafi rau. Ya daɗe tsaye a bakin gadon yana auna abin a ransa. In Yaya ta yi kuskure, ƙwaro ne ya tafi. In kuwa ita ce da gaskiya fa?

Da la'asar Ƙaltume ta hura gawayi a kurfoti a tsakar gida. Ta ce sai an fara zare allurar, kuma uba ne zai zare. Ya yi bisimilla ya ja, bayan ƙwaron ya tsage a yatsunsa. Ya jefa shi cikin garwashi tare da takardar. Ɗan ƙauri ya tashi, shi ke nan.

Washegari zazzaɓin ya fara sauka. Likita ya ce gwajin jini ya nuna taifot ne, tun jiya suka sauya magani.

Ranar da aka sallamo ta, ko ruwa ba ta sha ba ta jawo jakar. Ta ɗaga akwatin, ta juya shi, ta dubi mahaifinta.

"Baba, ka ajiye min shi wani wuri ne?"

Ya faɗa mata komai, idonsa a ƙasa. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ni na soke shi, Baba. Haka ake ajiye su, don kada hannu ya taɓa. Sunan kuma na wanda ya tsinta ake sawa."

"Mu koma dajin. Zan rufe shago in raka ki. Tun da akwai ɗaya, ai akwai danginsa."

"Masu haƙar zinariya sun shiga tun muna can. Da muka fito ana tuge itatuwan. Ramuka ne kawai yanzu, da jan ruwa."

Ta kwanta ta juya fuska ga bango, ta ce ya ja mata ƙofa.

A tsakar gida matan maƙwabta sun taru yi wa mai jiki barka. Ƙaltume na tsakiyarsu tana ba da labarin yadda ƙanenta ya zare allurar da hannunsa, yarinya ta tashi. Da ya fito, suka juyo gaba ɗaya.

"Barka da arziki, Malam Awudu! Allah ya tsare gaba."

Ya waiwaya ya dubi ƙofar da ya ja.

"Amin," ya ce.