Shafi na Uku

"Mayar musu da shi," in ji Baba Kafinta, ko buɗe gwangwanin bai yi ba. "Wannan banish ɗin na cikin ɗaki ne."

Tela ya share gumi. Tun hantsi ya rufe shagonsa saboda wannan aike, kuma sawunsa na biyu ke nan zuwa kasuwa.

"Haba Baba, mai shagon har rantsuwa ya yi. Ya ce ƙyallinsa kamar madubi."

"Ƙyalli! Kai ma ai ka yi ƙyalli ranar aurenka, yau ina yake?"

Tsohon ya yi dariya, dariyar ta rikiɗe ta koma tari, har sai da Tela ya dafa masa baya. Shekara goma sha tara katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu, bai taɓa jin ƙasusuwan mutumin nan a tafin hannunsa haka ba. Tun watan jiya asibiti suka sallamo shi da ledar magani, ba su kuma ce ga ranar da zai koma ba.

Bencin yana gabansu, sabo fil. Baba ya ƙera shi ne don matarsa, wadda duk layin ke kira Inna. A bakin ƙofa take son zama, wurin kuwa rana ba ta ɗaga masa ƙafa daga hantsi har la'asar.

"Na cikin ɗaki, in rana ta doke shi wata shida, sai ya tsage, ya riƙa ɓarewa kamar bawon albasa," in ji Baba da numfashinsa ya dawo. "Ka ce musu na waje, irin wanda ake shafa wa jirgin ruwa. Shi ba ya taurin kai. Katako ya miƙe da zafi, ya bi shi. Ya takure, ya bi shi."

"To mu yi masa fenti mana, a huta."

"Fenti na mai abin ɓoyewa ne. Dubi zanen katakon nan. Shekara goma sha biyu ina hana kaina sayar da shi."

Inna ta leƙo daga kicin. "Ka bar bawan Allah ya je ya yi ɗinkinsa. Ni na ce maka ina son benci?"

"Ba ki ce ba. Gwiwoyinki ne suka ce."

A sawu na uku Tela ya dace. Baba ya sa aka karanta masa rubutun jikin gwangwanin, ya sansana, ya gyaɗa kai.

Shafin farko shi ya yi da kansa, a zaune. Hannunsa na rawa, amma da buroshi ya taɓa katako sai rawar ta tsaya. Bayan kwana biyu, ranar shafi na biyu, buroshin ya faɗi daga hannunsa sau biyu. Tela ya tsince shi, bai mayar masa ba. Suka ja bencin inuwa, tsohon ya jingina da bango yana ba da umarni.

"Bi zanen, kar ka ƙetare shi. Siriri-siriri. Kai, ba miya kake zubawa ba!"

Da aka gama Baba ya daɗe yana kallon aikin.

"Biyun nan katako ne ya sha. Na ukun shi ne zai tsaya wa rana. Ka fara goge shi da samfefa mai laushi, ka ji?"

"Jibi ai da kanka za ka yi, Baba."

Tsohon ya dube shi, ya kawar da kai. "Je ka wanke buroshin kafin ya bushe."

Washegari da azahar Tela na kan keken ɗinki ya ji muryar Inna ta bayan katanga. Ba kuka ta yi ba. Sau ɗaya ta kira, "Tela." Ƙafarsa ta tsaya a kan keken, ya kasa ɗaga ta.

Sai da mako ya zagayo, masu ta'aziyya suka watse, sannan ya iya shiga gidan da samfefa a aljihu. An tura bencin lungu, an lulluɓe shi da tsohon zane. Ya jawo shi, ya durƙusa ya fara gogewa. A gefen dama, kusa da baki, yatsunsa suka ji wani ɗan lotsawa. Ya sunkuya. Shatin babban yatsa ne, ya fito raɗau a cikin banish ɗin.

"Da safen ranar ya sa na riƙo shi har nan," in ji Inna daga bayansa. "Ya taɓa, ya ce bai bushe ba. Wai in gaya maka kar ka yi gaggawa."

Tela ya sake ɗaukar samfefar. Ya goge ko'ina, ya kewaye wurin. Sannan ya buɗe gwangwanin, ya shafa na ukun a hankali, har kan shatin.

Inna ta kifa bokiti a gefe ta zauna. Ta ɗauki murfin kwali tana korar ƙuda, kada su sauka a kai kafin ya bushe.