Hannun Hagun Shu'aibu Jita

Sunan mijina Shu'aibu. Ga shi na faɗa, kuma ba abin da ya same ni. Shekara da shekaru ina zaune da shi ban taɓa furta sunan nan ba, sai dai in ce Maigida, don haka aka rene mu. Yanzu kuwa ni da kunya mun raba gari, kuma in kuka ji abin da ta yi mini ba za ku ga laifina ba.

Tsofaffin Jos sun san shi da Shu'aibu Jita. Tun yana saurayi, shi da abokinsa Pam mai ganga suka kafa ƙungiyar kiɗan rok, irin na Turawa mai ƙarar nan da ke sa gilashin taga rawa. Duwatsun Shere suka raɗa mata. Lokacin gashinsa buzu-buzu, wandonsa na share ƙasa. Babana ya rantse ba zai ba makaɗi 'yarsa ba, sai ranar da ya ga yadda yaron nan ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa ya gaishe shi. Ladabin nan ne ya saye tsohon, ni ma kuma shi ya saye ni.

A shekarar 2006 da nake ba ku labari, ƙungiya ta daɗe da watsewa. Rikicin da aka yi a garin nan ya raba unguwanni, Pam ya tattara ya koma Bukuru, mu muka tsaya a Laranto. Abin da ya rage musu shi ne wasan yammacin Asabar a lambun wani otal, inda masu furfura irinsu ke zuwa su tuna ƙuruciya. Gashi ya zube, hula ta maye gurbinsa. Abu biyu ne kawai ba su bar shi ba, jita da taba sigari.

Sai dai ban taɓa ganin mashayin taba mai tsoron damun mutane irinsa ba. Bai taɓa kunna ta a ɗaki ba. Ba ya sha a mota, ba ya sha kusa da mai cin abinci, ba ya sha inda yara ke wasa. Ko sanyin Jos na tsaga ƙashi, sai ya zagaya lungun da ke gefen gidanmu, da ɗan gwangwanin madara da yake zuba toka a ciki, in ya gama ya tauna kanumfari kafin ya shigo. In kuwa wani da yake jin nauyinsa ya ɓullo masa ba zato, ba ya yar da ita, don wai yarwar ma nuna ta ne. Dunƙule ta yake yi a hannun hagu, da wutarta da komai, ya kai hannun baya, ya miƙa na dama a gaisa. Kun dai san gaisuwarmu ba ta gajarta. Tafin hannun nan nasa duk tabon ƙuna ne, kuma da shi yake danna wayoyin jita.

Tarin ya fara ne da damina. Shi ma ɓoye shi ya riƙa yi kamar yadda yake ɓoye tabar. In ya taso masa sai ya tashi ya shige banɗaki, ya buɗe famfo don kada a ji. A wurin wasa sai ya juya wa jama'a baya ya duƙa kan jita, su kuwa su yi ta tafi, sun ɗauka salo ne. Muryarsa ta dushe, ya bar waƙa ya tsaya ga kiɗa. Wandunansa suka fara zame masa. Wata Asabar Pam ya rako shi gida, ya ja ni gefe.

Ya ce, “Madam Kubra, wannan tari na oga bai yi mini ba. Yau sai da na ƙara ƙarfin ganga don in rufe shi. Ba kuna da likita a gida ba?”

Muna da shi kuwa, kuma nan matsalar take. 'Yarmu ta fari, wadda muke kira Ummi, tana auren wani likita mai suna Ashraf. Yaro ne natsattse, ɗan mutunci, har ladabin nasa ya so ya yi yawa. Kowa a unguwa cewa yake mun dace. Ni kaina ban taɓa tsayawa gaba da gaba da shi ba, ta bayan labule nake amsa gaisuwarsa, kamar yadda surukai ke yi.

Ranar da na ga jini a hankicinsa wajen wanki, na bar kumfa a hannuna na je na same shi yana goge jita.

Na ce, “Maigida, gobe za mu asibiti.”

Ya ce, “Wanne?”

“Inda mijin Ummi yake aiki mana.”

Ya dube ni kamar na ce ya fita kasuwa ba wando. “In tuɓe riga a gaban surukina? Ya tambaye ni ko ina shan taba, in ce masa me? In yi masa ƙarya, ko in sa shi ya rasa inda zai sa idonsa?”

“To mu je wani asibitin.”

“Mu tsallake likitan gida mu je wa bare? Likitocin garin nan duk sun san juna. Gobe a ce masa surukinka ya zo wurinmu, ashe bai yarda da aikinka ba. Ba zan zubar masa da mutunci ba, Maman Ummi.”

Wallahi ji na yi kamar in fasa jitar nan a ƙasa. Wurin suruki ba ya zuwa saboda kunya, wurin wani ba ya zuwa saboda kara. Sai kemis, ya sayo maganin tari mai zaƙi yana kurɓa kamar shayi.

Na kira Ummi na gaya mata komai. To ita 'yar fari ce, uban ko sunanta ba ya kamawa, ita ma ba ta iya haɗa ido da shi, balle ta ce masa Baba ka daina kaza. Ta gaya wa mijinta. Daga baya na ji cewa abin da ya faɗa mata shi ne lallai a yi wa Baba hoton ƙirji cikin makon nan. Da saƙon ya iso bakin Ummi sai ya zama, “Ya ce in da hali Baba ya ɗan leƙo asibiti.” Na kai wa mai shi, na ƙara gishiri iya ƙarfina. Ya yi murmushi ya ce, “Allah ya yi masa albarka, kin ga yaro mai hankali. Bayan salla zan leƙa.” Ƙaramar salla ta wuce, babba ta wuce, wata daminar ta sake zagayowa.

Duk wannan lokacin Likita na zuwa gaisuwa. Da an ji ƙarar motarsa, Maigida zai wanke baki, ya fesa turare, ya sa babbar riga don ta rufe ramarsa. Su zauna a zaure, shi a kujera, Likita a ƙasa kansa a sunkuye. Ya gida, lafiya lau. Ya jiki, alhamdulillahi. Ina bayan labule ina jin yadda mijina ke haɗiye tari har numfashinsa na fito. Na san Likita na ji, ai aikinsa ke nan. Amma sai ya ajiye ledar lemo da ayaba, ya yi sallama ya tafi. Motar na barin layi, tarin zai ɓalle, ya yi ta yi har ya dafa bango.

Ni kam tsoro ya hana ni sakat. Ina kallon mutum na ƙarewa a gabana, maganinsa na zuwa har zaurenmu da ƙafarsa duk mako, kuma ba mai iya buɗe baki.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ruwan sama ya cinye hanyar layinmu, don haka Likita ya bar motarsa a bakin titi ya tako da ƙafa. Ba wanda ya ji zuwansa. Ina kicin, tagar na kallon lungun nan. Maigida na tsaye cikin farar rigarsa ta Juma'a, ya kunna taba ke nan ya ja sau ɗaya, sai ga surukinsa ya shawo kwana. Na ga hannun hagu ya dunƙule, ya koma baya.

Likita ya tuɓe takalmi a cikin taɓo, ya durƙusa.

“Baba, barka da Juma'a.”

“Barka kadai, Likita. An sauko lafiya?”

“Lafiya lau, Baba. Ya gida?”

“Lafiya lau. Ya aiki? Ya mutanen gidan?”

Hayaƙi na fita ta tsakanin yatsunsa, yana tashi ta bayan kafaɗarsa. Daga inda nake na ji ƙaurin fata. Idanunsa suka kaɗa suka yi ja, jijiyoyin wuyansa suka miƙe, hayaƙin da ya zuƙa na cikin ƙirjinsa ya ƙi sakinsa, tari na tokare shi ya ƙi barinsa. Shi kuma wancan ya kafa ido a ƙasa, yana tambayar ya aka ji da ruwa.

Ban san lokacin da na fito ba. Ba mayafi, ludayi ma a hannuna yake, sai da na iso na yar. Na kama hannun hagun nan na jawo shi gaba. Ya yi ƙoƙarin ƙwacewa, amma ina ƙarfin yake? Na ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya a gaban surukinsa. Ga guntuwar taba ta murƙushe, ga sabuwar ƙuna a kan tsofaffi.

Ya ce, “Haba, Maman Ummi,” a hankali. Maganar ce ta buɗe wa tarin hanya. Ya duƙe, ya yi ta yi, da ya ɗago gaban farar rigar ya ɓaci da jini.

Likita na nan durƙushe. Na ce, “Ashraf.” Ranar na fara kiran sunansa. “Tashi ka duba shi. Ba surukinka ba ne yau, mara lafiya ne. In ba ka tashi ba, wallahi ban yafe maka ba.”

Ya tashi. Shi ya tallabe shi har bakin titi, kuma duk tsawon hanyar mijina haƙuri yake ba shi, wai ya ɓata masa riga.

Aka kwantar da shi, aka yi hoto, aka ɗebi abin da za a ɗiba. Ko a gadon asibitin bai canja ba. Ya roƙi ma'aikatan jinya su mayar da gadonsa kusa da ƙofa, don tarinsa na hana maƙwabcinsa hutawa. Pam ya zo daga Bukuru da jitar, ya jingine ta a jikin gado, amma hannun na naɗe da bandeji, ba damar taɓa ta. Taba kuwa bai sake tambayarta ba. Na sa rai ƙwarai a kwanakin nan, har na fara tunanin irin abincin da zan riƙa yi masa ya mayar da jikinsa.

Da safe ne sakamakon ya fito. Likita ya shigo da kansa, da farar rigarsa ta aiki. Mijina na ganinsa ya yunƙura ya zauna, ya lalubi hula ya sa, ya ja zanen gado ya rufe ƙirjinsa. Shi kuma Likita, a gaban ma'aikata da marasa lafiya, ya durƙusa a ƙasa.

“Baba, ina kwana? Ya jiki?”

“Da sauƙi, alhamdulillahi.”

Na ce, “Ku bar gaisuwar nan haka. Me aka gani?”

Likita ya ce ciwon daji ne a huhu, kuma ya bazu, ya wuce inda za a yi aiki. Abin da ya rage sai rage masa zafi.

Na tambaye shi, “Da an zo bara fa?”

Ya ce, “Da akwai abin yi, Mama.”

“Yaushe ka fara jin tarin nan?”

“Tun farkonsa. Ina jinsa duk zuwan da nake yi. Na san irinsa.”

“Ka san irinsa. To me ya hana ka magana?”

Hawaye suka zubo masa. Ya ce, “Nauyinsa nake ji, Mama. Na ga yana ɓoyewa, sai na kasa nuna masa na gani.”

Na buɗe baki zan sauke masa duk abin da ke cikina, kuma da na fara, da sai asibitin nan ya taru. Sai na ji hannun nan mai bandeji a kan nawa. Shu'aibu ne. Yana numfashi da ƙyar, amma fuskarsa a sake take, har da wani alfahari.

Ya ce, “Kar ki yi masa faɗa, Maman Ummi. Yaron kirki ne. Bai taɓa kunyata ni ba ko sau ɗaya.”

Sannan ya juya ga surukinsa ya ce ya tashi haka nan, ƙasan da sanyi. Tari ya taso masa, na ga ya danne shi, yana jira yaron ya fita tukuna.